Ni Na Riƙe Hannuwanta

Mu biyar Inna ta haifa, uku muka rayu: yayanmu namiji, sai ni, sai ƙanwata da muke ce wa Auta. Shekara bakwai na ba ta. Ƙauyenmu yana gefen Tarai a ƙasar Kibiya. Gidanmu na ƙasa ne, zaure ɗaya, rumbu biyu, kuma katanga ɗaya muka haɗa da masallacin unguwa. Baba manomi ne, dawa da gyaɗa. Inna ƙuli-ƙuli take yi, shi ya sa har yau in na ji ƙamshin man gyaɗa a kan wuta sai in tashi in bar wurin.

Tun Auta tana ƙarama aka rasa layin da za a sa ta. Inna ta ce rawar kai gare ta, Baba ya ce miskila ce, kuma kowannensu gaskiya ya faɗa. Yarinyar da ba ta iya gama cin tuwo sai ta tashi sau uku ta zagaya tsakar gida, tana taɓa turmi a kowane zagaye, ita ce dai za ta zauna da hula da allura tun hantsi har la'asar ba ta san an yi azahar ba. In aka aike ta sayen gishiri sai a tsince ta a bakin rijiya tana bin jerin tururuwa da ido, takalmi ɗaya ya ɓata, ta manta abin da ya fito da ita. Amma zarenta na ɗinki, wanda take jerawa a gindin bango, ja kusa da ruwan goro, kore kusa da shuɗi, ranar da wani ya kauda ɗaya don shara, ranar babu mai jin daɗin gidan. Kullum tana neman allurarta, kullum kuma ta san in an matsar mata da tabarma da taku ɗaya.

Ɗinkin hula kuwa sai dai a yi shiru. Sauran 'yan mata sai an yi musu zane a kan yadi suke bi. Ita kallo ɗaya za ta yi wa hular da ke kan baƙo a zaure, ta dawo ta fitar da ita zare da zare. Matsalar ita ce hula biyar take farawa a tare, kuma in sabon zane ya faɗo mata a rai, ta shida ta shigo ke nan. Ni ce mai ɓoye sauran in bar mata ɗaya, muna faɗa, har ta gama.

Ba ta kallon idon mutum. Wannan a wurinmu ba aibi ba ne, har yabo ta sha a kai, ana cewa yarinya mai kunya. Sai ta buɗe baki kunyar ta tashi. Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Rano, ta zo wata rana ta gama gaisawa da Inna, ta juyo kan Auta.

"Auta, ina gajiya? Yaya mutan gidan?"

"Gwaggo, ai yanzu kika tambayi Inna, ta ce lafiya," in ji Auta, idonta a kan hula. "Kuma goro ya ɓata miki haƙora."

Gwaggo ta riƙe wannan maganar shekara da shekaru. Ni kuwa na shige ɗaki na yi dariya har da hawaye.

Ga surutu. In ta fara bayanin yadda ake fitar da ƙahon wani zane, ko barci ka yi za ta ci gaba. Ga kuma kunne irin na rikoda. Ba ta daɗe a makarantar allo ba, malamin ya ce ba ta zama, amma daga bayan ƙofa ta haddace abin da Baba yake karantawa bayan sallar asuba. Baba murya ƙasa-ƙasa yake karatu. In ya sarƙe a wata aya, sai a ji 'yar muryarta daga ɗaki ta ɗora masa. Yakan yi kamar bai ji daɗi ba, ya ce, "Wa ya tambaye ki?" Amma ni ina ganin gefen bakinsa.

Abu biyu ne ba ta jurewa, taɓi da ƙara. Ko Inna ba ta iya yi mata kitso. Ni kaɗai ta yarda da hannuna, shi ma da sharaɗi: kada in zo ta baya, in fara cewa, "Auta, zan taɓa ki," kuma in riƙe da ƙarfi, ban da shafa. Ƙara kuwa, in muka je kai niƙa, tun daga nesa da injin take sa tafukanta biyu ta toshe kunne. Haka in mata suka rangaɗa guɗa a gidan biki, haka in ruwan sama ya sauka a kan kwanon makarantar boko. Ni nake zuwa da ita duk waɗannan wurare. Babu wanda ya kai ni sanin wannan, kuma ina so a riƙe shi, don a kansa labarin yake.

Da soja suka koma bariki aka dawo siyasa, ƙara ta shigo ƙauyenmu da ƙafarta. Motocin kamfe suna ratsawa da waƙa, sannan wani mai neman kujera ya ba masallacinmu kyautar lasifika da janareta. Aka ɗaura bakin lasifikar a kan katanga, yana kallon tsakar gidanmu sak. Ba a jima ba aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, gari ya ɗauki murna, ni ma har da ni, a shekarar na ɗinka hijabina na farko mai kai wa ƙasa. Samarin unguwa suka shiga sa kaset ɗin karatu da na wa'azi kullum bayan la'asar, su ƙure murya har bangon ɗakin Inna yana rawa. Da an kunna, Auta za ta yar da hula ta tsuguna, hannu a kunne, tana gaba tana baya.

Matan da ke shigowa sayen ƙuli-ƙuli suna gani. Ba su taɓa binmu wurin injin niƙa ba, abin da suka gani kawai shi ne yarinya 'yar shekara goma sha uku tana toshe kunne duk lokacin da aka sa karatun Alƙur'ani. Sai su kalli juna, su karɓi ƙulinsu su fita.

A lokacin an sa mini rana. Wanda zan aura malamin firamare ne a Rano, ni na zaɓe shi, kuma ina sonsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na gama sakandare, ya yi mini alkawarin zai bar ni in yi karatun malanta. Duk abin da nake so a duniya yana cikin wannan auren.

Saura wata uku bikin, bayan an gama kai amfanin gona gida, Inna ta ɗora kaskon mai tana suyar ƙuli da rana tsaka. Aka aiko maƙwabciya tana naƙuda. Ni ina rijiya. Inna ta ce wa Auta ta zauna ta kula da wuta, ta faɗa mata sau uku, Auta ta ce to. Kuma na tabbata har zuciyarta ta faɗi wannan to ɗin. Daga baya ta gaya mini ta tashi ne kawai ta ɗauko allura, sai ta ga an zubar mata da jan zare, sai ta tsaya gyarawa.

Mai ya kama, wuta ta lashi zanan madafa, iska ta kai ta rumbun dawa. Da na iso, tulu a kaina, gidan ya cika da mutane, ana ihu ana salati, wani ya shiga masallaci yana kiran jama'a ta lasifika. Kowa da bokiti ko ƙwarya. Auta kuwa tana tsugune a tsakiyar tsakar gida, hayaƙi yana wucewa ta kanta, hannu a kunne, tana gaba tana baya, ba ta ɗauki ko moɗa ba. Rabin ƙauyen ya gan ta a haka. Dawar shekara guda ta tafi. Baba ya tsaya a kan tokar har rana ta yi sanyi, bai ce wa kowa komai ba.

Ni na ce mata komai. Na zage ta zagin da ban taɓa yi wa mutum ba, na ce ita ce masifar gidanmu. Tana ta maimaita cewa an zubar mata da jan zare.

Cikin masu zuwa jaje har da yayar mahaifin wanda zan aura, tsohuwa mai magana a hankali. Ta yi addu'a, ta sha ruwa, sannan ta dubi Auta da ke zagaye turmi, ta ce wa Inna, "Allah sarki. Hala dai a dangi akwai mai irin wannan lalurar? Ta wajenki ko ta wajen Malam?"

Inna ta ce babu. Tsohuwar ta ce, "To, madalla," ta gyara mayafi. Ina bayan labule ina ji. Duk wadda ta tashi a ƙasarmu ta san wannan tambayar. Taɓin hankali gado ne a wurin mutane, jini yake bi, kuma ba a ɗauko mace daga gidan da yake. Aljani kuwa daga waje yake zuwa, yana iya shafar 'yar kowa, a cire shi a wuce wurin, ba ya ɓata sunan gida.

Gwaggo ce ta kawo maganar mai ruƙiyya, wato malamin da ke karanta Alƙur'ani a kan wanda aljanu suka shafa har su fita. Ta ce akwai wani a Rano, matashi ne mai ilimi, ba ya laya, ba ya turare, ba ya yanka, karatu ne zalla. A shekarun nan irinsu suna tashe, mutane sun gaji da 'yan bori da bokaye. Ta ce ita tun tuni ta san yarinyar nan ba ita kaɗai ba ce, don mutum ɗaya ba ya zama mutum biyu, yau dutse gobe guguwa. Baba ya ce yarinyar da ke gyara masa karatu ta yaya za a ce aljaninta yana ƙin karatu? Gwaggo ta ce ai su ma akwai malamai a cikinsu. Baba ya dube ni, don ya san ni na fi kowa saninta. Na sunkuyar da kai na ce a gwada, ai karatu ba ya cutar da kowa.

Muka tafi Rano mu uku, ni da Gwaggo da Auta. Na yi mata ƙarya na ce za mu sayo zare ne. Duk hanya tana lissafa mini kalolin da take so.

Ba zan ɗora wa malamin nan abin da bai yi ba. Bai dake ta ba, bai ɗaga mata bulala ba, mutum ne mai natsuwa da tsoron Allah a iya abin da na gani. Ɗakin da yake aiki ƙarami ne, rufin kwano, da 'yar lasifika a kusurwa wadda yake karatu ta cikinta don aljani ya ji da kyau. Ranar farko mun jira a baranda ana yi wa wata mata, muna jin komai ta taga. Aljaninta ya yi magana da ƙatuwar murya, ya ce a tsamiyar bakin kasuwa yake, ya shige ta ne ranar da ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla, ya yi rantsuwa zai fita ta babban yatsan ƙafa. Auta tana gefena, hannu a kunne, amma na san tana ji. Komai tana ji.

Da aka zo kanmu, Gwaggo ta zayyana masa komai, har da maganar haƙora. Ya saurara, sannan ya juyo gare ni.

"Malama, an ce ke kika fi kusa da ita. Ina so ki gaya mini tsakaninki da Allah. Ban da karatun Alƙur'ani, akwai wani abin da take toshe wa kunne? Don in akwai, wataƙila ba aikina ba ne, na asibiti ne."

Tambaya ce mai kyau, kuma ya yi ta a fili. Injin niƙa ya zo mini har bakina. Guɗa ta zo, ruwan sama a kan kwano ya zo, motar 'yan siyasa ta zo. Sai kuma na ji muryar tsohuwar nan tana cewa ta wajenki ko ta wajen Malam. Asibiti a irin wannan magana sunansa asibitin mahaukata, kuma kafin mu dawo labari ya riga mu isa.

Na ce, "Babu, Malam."

Ana cewa rashin sani ya fi dare duhu. Gwaggo tana iya fakewa a nan, malamin ma haka, matan unguwarmu ma haka. Ni ban da wannan mafakar.

Ya ce tunda shi ba muharraminta ba ne ba zai taɓa ta ba, mu mata mu za mu riƙe ta, kuma lallai kada a bari ta toshe kunne, don ta nan karatun yake shiga ya ƙona shi. Gwaggo ta kai hannu, Auta ta zabura ta manne da bango. Gwaggo ta ce, "Ke kaɗai take yarda da ke."

Na durƙusa a gabanta. Na ce, "Auta, zan taɓa ki." Ta miƙo mini hannuwanta biyu da kanta, kamar yadda take yi in zan yanke mata farce. Na riƙe da ƙarfi, yadda take so.

Ya kunna lasifikar ya fara. A wannan ɗan ɗakin, ni kaina sai da haƙorana suka amsa. Auta ta fizga, ta sake fizga, sannan ta fasa wata irin ƙara da ban taɓa ji daga bakinta ba. Malamin ya ɗaga murya, don a saninsa ƙarar alama ce karatu ya kama. Gwaggo ta danne ƙafafu tana kabbara. Iya ƙarar da Auta ta yi, iya ƙarin muryar da ya yi, a haka aka shafe fiye da awa guda. Ƙarfinta ya ba ni mamaki, sai da na haɗa da gwiwa. Kuma a ranar ne, ita da ba ta kallon idon kowa, ta kafe ni da ido tun daga farko har ƙarshe.

Aka sake washegari. Da safe da na ce ta tashi mu tafi, ba ta yi gardama ba, ta tambaye ni kawai ko yau za mu sayi zaren. Na ce in an gama.

A rana ta uku muryarta ta dushe, ta zama kamar ta tsoho. Ana cikin karatu malamin ya tsaya ya ce, "Wane ne kai? Daga ina kake?" kamar yadda ya yi ta tambaya kwana biyu ba amsa. Sai Auta ta yi magana. Ta ce a tsamiyar bakin kasuwa take. Ta ce ta shige ta ne ranar da ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla. Kalma da kalma, har inda waccan matar ta ja numfashi, nan ita ma ta ja. Malamin yana ganin mutane da yawa, kuma aljanu kusan duk magana ɗaya suke yi masa, bai lura ba. Gwaggo ta fashe da kuka tana hamdala. Ni na gane. Yarinyar ta yi kwana biyu tana neman abin da zai sa a kashe lasifikar, ta tuna abin da ya sa aka kashe wa waccan.

Ya ce, "Ku nawa ne?"

Ta yi shiru, don waccan matar ba a yi mata wannan tambayar ba. Gwaggo ta ce, "Su biyu ne, Malam, wallahi su biyu ne, da mai zaman shiru da mai yawo."

"Mu biyu ne," in ji Auta.

Ya sa su rantsuwa ɗaya bayan ɗaya, cewa za su fita ba za su dawo ba. Ta rantse sau biyu. Ya kashe lasifikar. Na saki hannuwanta, shatin yatsuna ya fito a wuyan hannunta, ya yi kwanaki bai baje ba.

Kuma suka fita ɗin. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Muka dawo gida da wata yarinya mai zama inda aka ajiye ta. Ba ta zagaya turmi, ba ta surutu, in an gaishe ta ta ce lafiya. In aka kunna lasifikar masallaci, sai hannuwanta su taso har kafaɗa, sai ta mai da su ta zauna a kansu, jikinta yana ɓari, gumi yana keto mata. Mata suka yi ta shigowa barka, suna cewa kun gani, yanzu har karatu take saurare. Tsohuwar nan ma ta zo, ta ce ai dama ita ta san shafar iska ce, gidan Malam gidan mutunci ne. Na sayo zaren da na yi alkawari, kala takwas. Ta karɓa ta ce ta gode, ta ajiye a inda na miƙa mata, ba ta jera ba. Huluna biyar da ta fara suna nan a cikin kwalla har asu ya cinye su.

Aka yi bikina a ranar da aka sa. Da aka rangaɗa guɗa za a fita da ni, na leƙa ta ƙasan mayafi na gan ta a bakin ƙofar Inna, zaune a kan hannuwanta.

Baba ne kaɗai bai taɓa cewa an samu sauƙi ba. Inna ta gaya mini bayan asuba yakan yi karatunsa ƙasa-ƙasa kamar da, sai ya kai tsakiyar aya ya tsaya, aya da ya sani sarai, ya yi shiru yana jira. Ba a ɗora masa. Auta tana ɗaki tana rawar jiki, don yanzu ko a hankali aka yi karatu tsoro yake ba ta. Ya yi ta tsayawa haka har shekarar da ya rasu. Abin da ta fi so a duniya shi muka mayar mata abin tsoro, kuma da hannuna aka yi.

Na yi karatun malanta, na samu aji a wata firamare a Rano, na haifi 'ya'ya. Mijina mutumin kirki ne, bai san komai a kan wannan ba sai da ya karanta rubutun nan. Bayan shekaru, an yi zaɓe an sake yi, aka tara mu malamai bita ta kwana biyu a kan yara masu buƙata ta musamman. Na je ne don an ce dole. Wata likita daga Kano ta yi bayanin galahanga. Ni da na ɗauka sai yaron da ba ya magana sam ake kira haka, sai ta ce a'a, akwai masu surutu, masu kaifin ƙwaƙwalwa, sai dai ƙara da taɓi suna yi musu zafi kamar wuta, kuma suna son komai ya zauna yadda suka san shi. Ta kawo wata larurar ta biyu, ta kira ta da haruffan Turanci, ADHD, ta ce a Hausa sai dai a ce rashin iya tara hankali wuri ɗaya da yawan motsi. Sannan ta ce sau da yawa biyun sukan haɗu a jikin yaro ɗaya, ɗaya tana jansa ga abin da ya saba, ɗaya tana jansa ga sabon abu, har iyaye su rasa gane wane ne ɗansu. Ta ce a 'ya'ya mata an fi kasa ganewa, don shirunsu ana ɗaukarsa kunya. Ta ce ba hauka ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, ba a cire shi, sai dai a rage wa yaro abin da ke cutar da shi a koya masa zama da halittarsa. Wani malami ya tambaya ko ana gadonsa, ta ce yakan bi dangi.

Na fita na tsaya a bayan aji. Su biyu ne, Gwaggo ba ta yi kuskuren lissafi ba. Sai dai su biyun su ne Auta, babu wata ta uku da za ta rage in sun tafi.

A lokacin Inna ma ta rasu, Auta tana gidan yayanmu a cikin garin Kibiya. Ba ta yi aure ba. Ranar Asabar na shirya na tafi, na ɗauki 'yata ta uku, 'yar shekara huɗu, wadda ba ta cin tuwon da miya ta taɓa, kuma take jera murafen kwalba a gindin bango. Na daɗe ina ce wa kaina halin yara ne.

Matar yayanmu ta tarbe mu, ta shimfiɗa tabarma a inuwa, ta zauna tare da wata maƙwabciyarta suna tsince shinkafa. Ta ce mini, "Ai Auta ba ta da matsala ko kaɗan. Inda kika ajiye ta nan za ki dawo ki same ta." Yabo take yi.

Na zauna kusa da Auta, ban taɓa ta ba. Ta rame, furfura ta fara fito mata tun ba ta kai talatin ba. Na rage murya na gaya mata abin da likitar ta ce, duka, da sunayen. Na ce ba ta taɓa yin aljanu ba. Na ce malamin ya tambaye ni na yi ƙarya, na faɗi dalilin. Na ce ta yafe mini don Allah. Duk hanya ina shirya yadda za ta yi kuka ko ta zage ni, kuma da ta zage ni da na ji sanyi. Tana kallon ƙasa ta ce, "To."

Akwai mai injin niƙa a bayan gidan. Muna zaune ya tayar da shi. Hannuwan Auta suka taso har kafaɗa, ta mai da su ta zauna a kansu. 'Yata kuwa ta yar da murafenta ta tsuguna a tsakiyar tabarma, tafuka biyu a kunne, tana gaba tana baya. Maƙwabciyar ta daina tsintar shinkafa ta dubi matar yayanmu. Na san wannan kallon. Kafin in yi tunanin komai, na miƙa hannu na kama wuyan hannun yarinyar zan sauke shi.

"Yaya," in ji Auta.

Na juyo. Karo na biyu ke nan a rayuwarta da ta kalli cikin idona.

"Ita ma riƙe ta za ki yi?"

Na saki. Injin ya ci gaba da niƙa, yarinyar ta ci gaba da toshe kunnenta, matan biyu suna kallo. Na ce wa Auta ita ma ta toshe nata, babu mai hana ta yanzu, ni zan tsaya mata. Ta girgiza kai, ta ƙara danne hannuwanta da cinya, ta ce ai ta riga ta rantse.